CO2 da ruwa duk atam uku-uku ne, me yasa ɗaya fola ne ɗayan kuma ba fola ba?

Tambayar da wani ɗalibi ya aiko ita ce: "Malam dan Allah a taimaka min. An koya mana in atam biyu sun bambanta wajen jan ilektron to ɗaurin da ke tsakaninsu fola ne. To ga CO2, ɗaurinsa biyu duk fola ne amma ance shi molekul ɗin ba fola bane, ruwa kuma H2O ance fola ne, alhali duk atam uku-uku ne. Haka CCl4 da CHCl3. Ni dai haddacewa nake yi, in aka kawo wanda ban haddace ba shikenan na faɗi. Akwai hanyar ganewa?"

Akwai ƙanina, kuma bata kai wahalar da kake zato ba. Inda aka samu tangarɗa shine an baka rabin magana ka riƙe ta a matsayin cikakkiya. Folaritin ɗauri daban, folaritin molekul daban. Na farko maganar atam biyu ce kawai, na biyu kuma sai ka san yadda gaba ɗaya atam ɗin suka zauna a sarari, wa ke gaba wa ke baya wa ke sama. Haddar nan ka ajiyeta, dan molekul sunfi ƙarfin hadda, in ka haddace ashirin na ashirin da ɗaya za'a kawo maka.

Bari mu fara da ɗaurin, wato abinda ake cewa bon. Atam biyu in suka yi tarayya a ilektron biyu ba lallai bane rabon ya zama raba daidai, wani yafi wani kwaɗayi. Wannan kwaɗayin shine ilektronegatibiti, kuma Linus Pauling ne ya fito da ma'auninsa a 1932. Lambobin da zaka fi buƙata basu da yawa: fulorin 3.98, shine sarkin kwaɗayi, oksijin 3.44, kulorin 3.16, naitirojin 3.04, sulfa 2.58, kabon 2.55, haidirojin 2.20, boron 2.04. Sai ka debe ƙarami daga babba. O da H tazararsu 1.24, C da O 0.89, C da Cl 0.61, C da H kuwa 0.35 kacal, shiyasa ake ɗaukar ɗaurin C–H kaman ba fola ba. Wanda yafi ja sai gajimaren ilektron ya karkata wajensa ya samu ɗan cajin negetif, ɗayan kuma a barshi da ɗan cajin fozitif, irin wannan ɗaurin shi ake cewa fola. Ɗan caji nace, ba cikakke irin na sodiyam da kulorin a gishiri ba.

Littattafai zasu ce maka ƙasa da 0.4 ko 0.5 ba fola bane, daga nan zuwa 1.7 fola ne, sama da haka kuma ayonik. Ka riƙe dan jarabawa amma ka sani sandar dogarawa ce kawai, babu wata katanga a wajen. HF tazararsa 1.78 ce, ta haura 1.7 ɗin, amma HF molekul ne lafiyayye da yake tafasa a wajen digiri 20, ba gishiri bane.

Toh yanzu ga dabarar da komai ya rataya a kanta. Duk ɗaurin da yake fola ka zana masa kibiya, bakinta na kallon atam ɗin da yafi ja, tsawonta kuma gwargwadon tazarar. Kibiyoyin nan ba'a tara su kaman yadda ake tara biyu da biyu huɗu, saboda kowacce tana da inda ta dosa. Ka ɗauka zobe ne aka ɗaure masa igiyoyi ana ja-in-ja dashi. Mutum biyu masu ƙarfi ɗaya, ɗaya gabas ɗaya yamma, zasu yi ta gumi amma zoben ko motsi bazai yi ba. Waɗannan mutum biyun dai, in ɗaya ya koma arewa maso gabas ɗaya arewa maso yamma, jan gabas da jan yamma zasu kashe juna amma zoben zai tafi arewa. Abinda ya rage bayan kashe-kashen nan shine daifol na molekul. In sifili ne, ba fola ba. In akwai saura komai ƙanƙantarsa, fola ne.

CO2 shine na farkon. Kabon a tsakiya, oksijin a dama oksijin a hagu, a miƙe ɗoɗar digiri 180. Kibiya biyu tsawo ɗaya, kowacce ta juya wa 'yar uwarta baya, saura sifili. Ruwa kuma shine na biyun, a lanƙwashe yake, kusurwar H–O–H digiri 104.5, duka kibiyoyin sun karkata ɓangaren oksijin, dan haka akwai saura, kuma ba ƙarami ba, 1.85 a ma'aunin dibai. Sunan ma'aunin daga Peter Debye aka samo shi, mutumin Holan da ya ci kyautar Nobel ta kemistiri a 1936. In kana son ka gani da lissafi, kibiyar O–H ɗaya tana kai wajen 1.5, rabin kusurwar 52.25, kosain ɗinsa kusan 0.61, sai kayi 2 sau 1.5 sau 0.61, zaka faɗo daf da 1.85 ɗin. Da ace ruwa a miƙe yake rabin kusurwar zai zama 90, kosain ɗinsa sifili, magana ta ƙare.

Nasan abinda zaka tambaya, wa ya gaya min wannan a miƙe yake wancan a lanƙwashe? Ai a takarda H–O–H ma a layi ɗaya ake rubuta shi. Nan ne sai ka ƙirga ilektron, babu gajeriyar hanya. Oksijin na da 6 a ɓawon waje, haidirojin biyu 1 da 1, jimla 8. Ɗauri biyu sun cinye 4, saura 4 suna zaune a kan oksijin bibbiyu, basu shiga ɗauri da kowa ba. Su ake cewa lon feya, ni ina ce musu tagwayen zaune. Ba'a rubuta su a fomula amma suna cin wuri, har sunfi ɗauri cin wuri ma tunda atam ɗaya ne kawai ke riƙe dasu, sai su baje. A CO2 kuwa jimlar 16 ce, kabon ya zuba duka ilektron ɗinsa huɗu a cikin ɗauri biyu masu ninki, ba abinda ya rage a kansa. Kaga kenan kabon abu biyu ne ke kewaye dashi, oksijin na ruwa kuma abu huɗu.

Ƙa'idar da ke fitar da siffa ita ce VSEPR, wadda Sidgwick da Powell suka kafa tushenta a 1940, Gillespie da Nyholm suka gyara ta a 1957. Duk da dogon sunan maganarta ɗaya ce, gungun ilektron basa son juna, kowanne so yake ya nisanci ɗan uwansa iya nisanta. Ka ƙirga gungun da ke kewaye da atam na tsakiya, ɗauri ɗaya gungu ɗaya ne ko da mai ninki biyu ne ko uku, tagwayen zaune suma gungu ɗaya. Gungu biyu zasu miƙe 180. Uku zasu baje a shimfiɗe kaman alwatika, 120 tsakani. Huɗu zasu tashi daga kan takarda su yi tetirahidiron, 109.5. Biyar da shida ma suna da nasu, zan taɓo su a gaba. Bayan ka jera gungun sai ka rufe ido a kan tagwayen zaune ka kalli inda atam suka tsaya, wannan ita ce siffar molekul. Ruwa gungu huɗu ne, biyu atam biyu tagwaye, abinda ido zai gani kawai lanƙwasa, kuma tagwayen ne suka matse kusurwar daga 109.5 ta dawo 104.5.

Gwada da BF3 da NH3, duk atam ɗaya a tsakiya uku a gefe. Ɗaurin B–F tazararsa 1.94, fola ne na gasken gaske, amma boron bashi da tagwaye, kibiyoyi uku a shimfiɗe 120 tsakaninsu, in ka haɗa biyu zasu baka daidai tsawon ta ukun a kishiyar hanya, sifili. NH3 kuma ilektron 8, ɗauri uku sun ci 6, saura tagwaye ɗaya a kan naitirojin sun danne haidirojin ukun ƙasa ya zama ɗan dala, kusurwa wajen 107. Jan gefe-gefe ya mutu amma jan sama yana nan, 1.47 dibai. SO2 ma haka, kamannin CO2 gareshi a rubuce amma ilektron ɗinsa 18 ne ba 16 ba, biyun nan da suka ƙaru suna kan sulfa, sun lanƙwasa shi zuwa wajen 119, daifol ɗinsa wajen 1.6.

Yanzu ga CCl4 ɗinka. Mutane da yawa sun yarda cewa ba fola bane dan ance musu haka, amma a ransu basu gamsu ba, dan tetirahidiron ba kaman gabas da yamma bane, babu kibiyar da ke fuskantar wata kai tsaye. Ka samu ƙwallon laka ko ɗan soso da tsinken ashana huɗu, ka soka ɗaya a sama, uku a ƙasa a bubbuɗe yadda zai tsaya da ƙafafunsa a kan tebur. Na saman yana ja sama da ƙarfi ɗaya cikakke. Ukun ƙasan a karkace suke, kowanne yana ja gefe yana kuma ja ƙasa. Jan gefensu ya kashe juna kaman na BF3. Jan ƙasan kuma, kosain na 109.5 shine debe ɗaya bisa uku, wato kowace ƙafa sulusin ƙarfinta ne ke tafiya ƙasa, sulusi uku kuwa ɗaya ne cif, sai ya kashe na saman. Wannan lissafin yana burgeni har yau wallahi. Ka juya abin ta kowace fuska, kowane tsinke ka maida sama, labarin ɗaya ne.

To cire kulorin na saman ka saka haidirojin, ka samu CHCl3 kenan, kulorofom. Siffar tana nan tetirahidiron amma mai jan saman ya tafi, an kawo wanda baya ja, ƙafafun ukun sun samu sarari, daifol wajen 1.0. Anan zaka gane siffa mai kyau ita kaɗai bata isa ba, sai atam ɗin gefen sun zama iri ɗaya.

Wanda yafi kada ɗalibai kuwa CH2Cl2 ne, na sha ganinsa in ina makin takardu. Yaro zai zana kabon a tsakiya, ya yi masa layi huɗu kaman alamar tarawa, Cl a dama Cl a hagu, H a sama H a ƙasa, ya zana kibiyoyinsa tsaf, yace sun kashe juna, ba fola ba. Tunaninsa babu laifi, takardar ce ta yaudare shi. Koma kan ƙwallon lakarka, ka shafa wa tsinke biyu tawada kace sune kulorin, ka nemi yadda zaka sa su zama ɗaya a nan ɗaya a can kishiyar juna. Bazaka samu ba ko zaka kwana kana juyawa, dan a tetirahidiron kowane tsinke maƙwabcin kowane tsinke ne, tsakaninsu wajen 109.5 ne kullum. Kulorin biyun suna ɓangare guda, haidirojin biyun suna ɗaya ɓangaren, daifol 1.60. Jerin gidan nasu gaba ɗaya: CH4 sifili, CH3Cl wajen 1.9, CH2Cl2 1.6, CHCl3 wajen 1.0, CCl4 ya dawo sifili. Lura, bayan kulorin na farko, ƙara yawan kulorin rage daifol ɗin yake yi, saboda kowane sabo da ya shigo yana cin wani kaso na jan 'yan uwansa.

Akwai wata gajeriyar hanya da ake yawo da ita, wai in akwai tagwayen zaune a atam na tsakiya to fola ne. A gungu uku da huɗu tana aiki, kuma mafi yawan tambayoyin sakandare anan suke, shiyasa ta yi suna. Amma da ka haura sai ta bada kai. XeF4, wanda aka fara haɗawa a 1962 lokacin da ake ganin zenon baya haɗuwa da kowa, ilektron ɗinsa 36, ɗauri huɗu da na kan fulorin sun ci 32, saura 4, tagwaye biyu kenan a kan zenon. Gungu shida, tagwayen ɗaya ya hau sama ɗaya ya sauka ƙasa dan su nisanci juna, fulorin huɗu suka shimfiɗu a tsakiya kaman murabba'i. Fulorin sun kashe juna bibbiyu, tagwayen ma sun kashe juna, sifili. XeF2 tagwaye uku gareshi ma, sun kewaye ƙugunsa 120 tsakani, molekul ɗin a miƙe, shima sifili. SF4 kuwa mai tagwaye ɗaya tal babu mai kashe masa su, fola ne. PCl5 da SF6 basu da tagwaye a tsakiya, atam ɗin gefe iri ɗaya, sifili ba sai an yi dogon lissafi ba.

Sannan su kansu tagwayen suna da nasu jan, tunda tarin cajin negetif ne da ya leƙo ta gefe guda. Wannan shi ke warware wani abu da yake bawa mutane mamaki. NH3 da NF3 siffarsu ɗaya, dala, tazarar N–F 0.94 ta ma fi ta N–H 0.84, kowa zai zaci NF3 ne zai fi. Amma NH3 1.47, NF3 kuwa wajen 0.23. A amoniya, wato NH3, kibiyoyin suna hawa ne zuwa naitirojin, hanya ɗaya da tagwayen, ƙarfi ya haɗu. A NF3 fulorin ne ke ja ƙasa tagwayen na ja sama, sun kusa cinye juna. A jarabawa duk biyun fola zaka rubuta, amma kaga kalma ɗaya ta haɗa abubuwa biyu da tsakaninsu akwai ninki shida.

Ozon, O3, shi kuma ta ɗaya gefen yake karya ƙa'ida. Atam uku duk oksijin, in ka bi lambobin Pauling tazara sifili ce, ya kamata ace babu komai. Amma na tsakiyan ba matsayinsu ɗaya da na gefe ba, yana rabon ilektron da mutum biyu, su kuma kowanne da mutum ɗaya, sai ya zama shi ke da ɗan fozitif su suna da ɗan negetif, ga shi kuma a lanƙwashe wajen 117. Daifol ɗinsa 0.53. CO ma yana da nasa rikicin, tazara 0.89 amma daifol wajen 0.1 kawai, kuma ɓangaren negetif ɗin na wajen kabon ne. Waɗannan sai an shiga maganar obital kafin su fito sosai, ba yau ba, na kawo su ne dan kar ka ɗauki teburin Pauling kaman hukuncin ƙarshe.

In ka shiga oganik zaka haɗu da wani misali da nake so ƙwarai, C2H2Cl2 mai ɗauri ninki biyu tsakanin kabon ɗin. Ɗaurin ninki baya juyawa, dan haka in kowane kabon na riƙe da kulorin ɗaya, kulorin biyun ko dai su zauna gefe ɗaya, ana ce masa sis, ko ɗaya nan ɗaya can a tsallake, ana ce masa tirans. Atam iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya, nauyi ɗaya. Sis daifol ɗinsa wajen 1.9 yana tafasa a digiri 60, tirans sifili yana tafasa a 48. Digiri 12 ɗin nan ba abinda ya kawo su sai wurin zama.

Abu biyu zan ja kunnenka a kai kafin in barka. In ance CO2 ba fola bane ba ana nufin caji ya ɓace daga jikinsa ba, kabon ɗin yana nan da ɗan fozitif ɗinsa, oksijin da negetif ɗinsu, jimlar kibiyoyin ce kawai sifili. Shiyasa haidiroksaid, wato OH mai cajin negetif, in ya zo kan kabon ɗin yake sauka kai tsaye, ya san inda ake ƙishin ilektron.

Na biyun kuma maganar tafasa da narkewa. Gaskiya ne molekul fola suna manne wa juna, kan fozitif na wannan da kan negetif na wancan, kuma gaskiya ne fola yafi narkewa a fola, shiyasa mai da ruwa basa haɗuwa. Amma kar ka ce duk fola yafi wanda ba fola ba wuyar tafasa. Ga naka misalin nan, CHCl3 fola ne yana tafasa a 61, CCl4 ba fola ba sai ya kai 77. Dalili in ka ƙirga duka ilektron, ba na ɓawon waje kaɗai ba, CCl4 74 gareshi CHCl3 kuma 58, gajimarensa yafi girma yafi saurin karkacewa, jan junan da wannan karkacewar ke haifarwa, wanda ake cewa ƙarfin London kuma kowane molekul ke dashi, ya rinjayi ɗan daifol ɗin kulorofom. Haka a narkewa, etanol da oktanol duk suna da O–H ɗaya kuma daifol ɗinsu kusan ɗaya ne, amma etanol mai kabon biyu yana gaurayuwa da ruwa ko nawa ka zuba, oktanol mai kabon takwas kuwa da ƙyar ɗan kaɗan ke shiga, doguwar jelar C–H ɗin ta fi ƙarfin kan. A manyan molekul tambayar takan koma wane ɓangare ne fola wane ne ba fola ba.

Ka ɗauki takarda ka gwada min waɗannan huɗun: OF2, SO3, H2S da CH2F2. Kowanne ka fara da ƙirga ilektron, ka nemo tagwayen zaune, ka fitar da siffa, sai a ƙarshe ka zana kibiyoyi, kar ka tsallake ka fara da kibiya. Ɗaya ne kawai a cikinsu zai baka sifili. A OF2 kuma ka duba lambobin Pauling da kyau kafin ka ɗora bakin kibiyar, dan wannan karon ba oksijin bane mai ja.